Ina ya kamata wayar at ta sauka: a jikin shasi ko a jikin inji?

Mai Haɗa Mota:
Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan'uwa. Kusan shekara biyu ke nan ina haɗa wata ƙaramar mota mai kujera biyu da hannuna. Shasinta na bututun ƙarfe ne da aka haɗa da walda, gangar jikinta ta faiba ce, injin kuma mai silinda huɗu ne da na ciro daga wata tsohuwar mota tare da kwamfutarsa. Saboda ƙarancin wuri a gaba na ajiye batir a baya, kuma idan aka bi hanyar da waya za ta bi, tazararsa da kik, wato na'urar da ke juya inji don ya tashi, ta kai mita uku. Na ja wayar fozitif mai kaurin murabba'in milimita 25 har zuwa kik, negetif kuwa na ɗaure shi a jikin shasi kusa da batir da gajeriyar waya. Jiya na gwada tayar da injin karo na farko, sai kik ya riƙa juyawa a hankali kamar batir ya yi sanyi, alhali sabo ne kuma mitar awon wuta ta nuna volt 12.6. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da na taɓa wayar totur na ji ta yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa. Ina roƙon shawara kan yadda ake tsara at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma negetif na batir, tsakanin batir da shasi da inji kafin in ci gaba da sauran wayarin.

Tsohon Ɗan Rewaya:
Wa alaikumus salam. Yarona, kada ka sake murza makullin nan sai ka gyara abu ɗaya. A duk bayanin da ka yi ban ji ka ambaci wayar da ta haɗa inji da shasi ba, kuma zafin wayar totur ya tabbatar mini babu ita. Inji a kan roba yake zaune, roba kuwa ba ta wuce da wuta. Kik ba shi da wayar negetif tasa, ta jikinsa yake mayar da wuta zuwa inji, saboda haka duk wutar da ta shiga ta babbar wayar fozitif dole ta nemi hanyar komawa batir daga jikin inji. Idan ba ka ba ta hanya ba, za ta bi duk ƙarfen da ta tarar: wayar totur, wayar kuloci, wayar birkin hannu, ko siraran wayoyin kwamfuta. Ka gode wa Allah da wayar totur ce ta ɗauki nauyin. Ka ɗauki wayar jona batir mai kauri, ka maƙala kai ɗaya a kan negetif na batir, ɗaya kan a ƙarfen inji inda babu fenti, sannan ka sake gwadawa. Idan kik ya juya da ƙarfi, ka san inda ciwon yake. Wayar totur ɗin kuma ka sauya ta, domin robar cikinta ta riga ta narke, kuma totur da ke maƙalewa ba abin wasa ba ne.

Mai Haɗa Mota:
Baba, na gode. Gaskiya ne ban sa wata waya tsakanin inji da shasi ba, amma kafin in gwada na sa mita a ma'aunin om, wanda ke auna turjiyar da hanya ke yi wa wuta, tsakanin jikin inji da negetif na batir, ta nuna 0.3, sai na ɗauka hanyar a buɗe take.

Malamin Lantarki:
Ɗan'uwa, wannan awon ne ya yaudare ka, kuma yana yaudarar mutane da yawa, shi ya sa nake so mu tsaya a kansa. Idan mita tana awon om, wuta 'yar kaɗan take turawa, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudu) ba, don haka ko silin waya guda ɗaya ne ya haɗa inji da shasi, za ta nuna maka adadi kusa da sifiri. Su kansu wayoyin mitar suna da turjiyar da ta kai 0.1 ko 0.2 na om. To, kik na injin fetur mai silinda huɗu yana jan amfiya 100 zuwa 200 yayin juyawa, kuma a daƙiƙar farko ya fi haka. Dokar Ohm ta ce volt ɗin da ke ɓacewa a hanya daidai yake da amfiya sau turjiya. Idan mahaɗa guda tana da turjiyar 0.01 na om, wadda mitarka ba za ta ma iya bambance ta da sifiri ba, amfiya 200 za ta zubar da volt 2 a wurin, kuma wannan wat 400 ne na zafi a kan noti guda. Batir da ke sauka zuwa wajen volt 10 a lokacin tayarwa, idan aka cire masa biyu, me ya rage wa kik?

Awon da ke faɗin gaskiya shi ne wanda ake yi wuta na gudu. Ka mayar da mita ma'aunin volt, ka ɗora tsinke ɗaya a kan dalmar negetif na batir ita kanta, ba a kan maƙalin da ya riƙe ta ba, ɗaya tsinken kuma a jikin kik, ka cire fis ɗin famfon mai don kada injin ya tashi, sannan wani ya murza maka makulli. Adadin da ka gani shi ne abin da hanyar komawa ke ci. A mota mai batir kusa da inji ana son ya tsaya wajen volt 0.2 zuwa 0.3. Idan ya yi yawa, sai ka riƙa matso da tsinken mahaɗa bayan mahaɗa har ka ga inda adadin ya yi tsalle.

Mai Walda:
Ina tare da Baba da Malam a kan ganewar ciwon. Maganin a ganina mai sauƙi ne, kuma ba sai an sayi wata doguwar waya ba. Shasin da aka yi wa walda daga gaba har baya shi kansa babbar waya ce. Abin da ke ɓata aiki shi ne yadda ake ɗaure waya a jikinsa. Mai tambaya bai faɗa ba, amma ina kyautata zaton an yi wa shasin fentin hoda da ake gasawa, wanda ya fi fentin feshi kauri kuma ba ya wuce da wuta ko kaɗan. Mutum ya huda bututu, ya murɗa sukuru mai yanka wa kansa zare, ya ɗauka ya gama, alhali zare biyu ko uku ne kawai suka taɓa ƙarfe. Abin da nake yi shi ne in yi wa noti mai kaurin milimita 8 ko 10 walda a jikin babban bututu, ɗaya kusa da batir, ɗaya kusa da inji, in goge kewayensa da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli faɗin da zai ɗauki zoben kan wayar gaba ɗaya, in ɗaure tamau, sannan in rufe wurin da giris don kada tsatsa ta shiga. Fuskar zoben da ta kwanta a kan ƙarfe ita ke ɗaukar wuta, aikin noti matsewa ne. Daga notin gaba sai a ja saƙaƙƙiyar waya mai laushi zuwa inji, a bar mata rara, domin inji yana girgiza yana karkata a kan robobinsa, waya mai tauri da aka ja tsam kuwa ba ta daɗewa take tsinkewa daga ciki. Kafin a kunna injin walda a cire batir da kwamfuta tukuna.

Injiniya:
Malam Mai Walda, bayaninka a kan shirya mahaɗa babu abin da zan ƙara, amma ban yarda a dogara da shasi shi kaɗai a motar da aka haɗa a gida ba. Turjiyar ƙarfen bututu ta ninka ta jan ƙarfe kusan sau takwas zuwa goma. Abin da ke ceton shasi shi ne yawan bututun da ke tafiya a jere. Bututu mai kusurwa huɗu, faɗin milimita 25 da kaurin bango 1.6, ƙarfen da ke cikin yankinsa kusan murabba'in milimita 150 ne, wato daidai da wayar jan ƙarfe mai murabba'in milimita 15 zuwa 18. Idan bututu huɗu ko shida ne suka raba wutar, lafiya lau. Idan kuwa akwai inda aka haɗa sashen baya da na gaba da noti bayan an yi fenti, ko inda hanyar ta ƙuntata zuwa bututu ɗaya, lissafin ya rushe, kuma mai motar ba zai gani da ido ba. Wayar jan ƙarfe kuwa lissafinta a fili yake: mai murabba'in milimita 25, tsawon mita uku, tana zubar da kusan volt 0.4 a amfiya 200, mai 35 kuma kusan 0.3. Shawarata ita ce a ja wayar negetif daga batir kai tsaye zuwa jikin inji, mai kauri daidai da ta fozitif, a ɗaure ta kusa da kik, har ma a kan notin da ya riƙe kik ɗin idan wurin ya ba da dama. Ta haka hanyar wutar tayarwa tana da mahaɗa biyu kacal maimakon huɗu, kuma kowace mahaɗa wuri ne da tsatsa za ta iya kamawa nan da shekara uku.

Mai Walda:
Malama, ina girmama lissafinki, sai dai akwai motocin kamfani masu yawa, irin su BMW, da batirinsu ke cikin but, kuma gajeriyar waya ce kawai ke haɗa negetif da gangar jiki. Idan hanyar ba ta da kyau, da ba su yi shekaru suna bin ta ba. Doguwar waya mai kauri kuma nauyi ce, ga neman hanyar da za a bi da ita a ƙaramar mota wadda dama babu wuri.

Injiniya:
Gaskiya ne, Malam, amma gangar jikin waɗannan motoci faffaɗan farantin ƙarfe ne daga gaba har baya, an gwada shi an auna kafin a fitar da mota ko ɗaya, kuma wuraren ɗaure at an tanade su tun kafin fenti. Mai tambaya shasinsa guda ɗaya ne a duniya, babu wanda ya taɓa auna shi. Idan ya yi yadda ka ce, ya auna ya ga adadin ya yi ƙasa, ba ni da ja. Abin da nake gudu shi ne a ɗauka ba tare da awo ba. Nauyin wayar mai 25 kuma, tsawon mita uku, bai kai kilo ɗaya ba.

Tsohon Ɗan Rewaya:
Ku biyun ba ku yi nisa da juna ba kamar yadda kuke zato. Ko da an ja doguwar wayar da Malama ta ce, dole ne a bar gajeriyar da ta haɗa batir da shasi, a kuma sa saƙaƙƙiyar da ta haɗa inji da shasi, sai abin ya zama kamar murhu mai duwatsu uku: batir, inji, shasi, kowane yana haɗe da sauran biyun. Amfanin hakan shi ne ranar da ɗaya ta kwance, wutar kik tana da wata babbar hanya. Sharaɗin kawai shi ne dukkansu su kasance masu kaurin da zai ɗauki wutar kik, domin siririyar waya a wannan matsayi ita ce za ta zama wayar totur ta biyu.

Yanzu bari in koma kan abin da ba a taɓa ba, wato jikin faiba, domin a nan ne masu haɗa mota suka fi shan wahala bayan inji ya tashi. Fitilun da aka ciro daga motar ƙarfe da yawa ta notin da ya riƙe su suke samun at. A jikin faiba wannan notin bai haɗu da komai ba, don haka kowace fitila, da hon, da injin goge gilashi, da fanka, da famfon mai, sai an ba su wayar komawa tasu mai kauri daidai da wadda ta kawo musu wuta. Ni nakan tanadi wuri uku a jikin shasi, ɗaya a gaba, ɗaya a bayan allon agogo, ɗaya a baya, kowane yanki ya tattara wayoyinsa a notinsa. Kada ka jera fitilu a kan siririyar waya ɗaya, wannan ta miƙa wa wancan. Alamar at mara kyau a fitilun baya kowa ya taɓa ganinta a hanya: direba ya taka birki ya sa sigina, sai ka ga fitilun duka suna lumshewa tare. Dalili shi ne kwan birki mai zare biyu ne, na wat 21 da na wat 5, kuma idan wuta ta rasa hanyar komawa sai ta bi ta ɗaya zaren ta shiga layin wasu fitilun. Tanki ma kada a manta da shi. Ma'aunin mai da ke cikinsa yana bukatar at, kuma bakin zuba mai idan na ƙarfe ne da aka haɗa da tiyon roba, a haɗa shi da shasi da waya saboda tartsatsin wutar da ke taruwa lokacin zuba mai.

Ɗalibin Kanikanci:
Baba da Malamai, ina neman ƙarin haske a kan kan wayar. Shin ya fi kyau a narka dalma a cikin zoben, ko a matse shi? Kuma me ya sa negetif ne ake haɗawa da jiki ba fozitif ba?

Malamin Lantarki:
Matsewa da na'urar da aka yi domin hakan ta fi, irin wadda ke matse zoben ta kusurwa shida har silin wayar su dunƙule su zama kamar ƙarfe guda. Dalma tana bin silin waya ta hau sama, ta mayar da wurin mai tauri, kuma daidai inda taurin ya ƙare nan girgiza ke karya wayar. Dukan zobe da guduma ba matsewa ba ce. Bayan an matse, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, mai gam a ciki, don kada ruwa ya bi. A kula kuma da wayar da ake sayarwa wadda cikinta alminiyam ne aka yi mata rufin jan ƙarfe, domin abin da take ɗauka bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe zalla mai kaurinta ke ɗauka ba. Idan ka kankare sili ɗaya ka ga fari a ciki, ita ce. Game da tambaya ta biyu, ba koyaushe haka yake ba. Motocin Ford na Amurka fozitif suke haɗawa da jiki har zuwa 1956, lokacin da suka koma volt 12 da negetif, motocin Ingila da yawa kuma sun ci gaba da fozitif har cikin shekarun 1960. Yau altaneta da kwamfuta da rediyo duk an ƙera su ne a kan negetif. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ake fara cire kan negetif, a mayar da shi a ƙarshe: muddin yana haɗe, sufanar da ta taɓa fozitif da ƙarfen mota a lokaci guda ta zama waya.

Injiniya:
Ina so in ja hankalin mai tambaya kan kwamfutar inji, domin wannan ne dalilina na biyu na son raba wutar kik da shasi. Sensoshin inji da ƙananan adadi suke magana. Yawancinsu a kan volt 5 suke aiki, sensar iskar salansa ta gargajiya kuwa tsakanin volt 0.1 da 0.9 take kai-kawo, tsakiyarta 0.45. Idan kwamfuta ta ɗauki at daga shasi, sensa ta ɗauka daga inji, kuma akwai bambancin volt 0.2 tsakanin wuraren biyu lokacin da fanka da fitilu ke aiki, kwamfutar za ta karanta ƙarya ta ba da man da bai dace ba, kai kuma ka yi ta sauya sensa mai lafiya. Don haka wayoyin at na kwamfuta su sauka inda kamfanin injin ya ajiye su tun asali, wanda galibi a jikin inji ne, a noti nasu daban da na babbar waya. Wayar komawa ta sensoshi kuma ta tafi kwamfuta kawai, kada a ɗaure ta a shasi a kan hanya da sunan ƙarin inganci. Altaneta ma ta jikinsa yake mayar da wuta, saboda haka idan ka yi wa ƙarfen da ya riƙe shi fenti, ka kankare inda suka haɗu. Idan kuma a kan alminiyam za ka ɗaure babbar wayar, ka goge wurin dab da ɗaurewa, ka yi amfani da zoben da aka yi wa rufin kuza, domin jan ƙarfe tsirara da alminiyam suna cin juna idan danshi ya shiga.

Mai Haɗa Mota:
Allah ya saka muku da alheri. Na yi gwajin Baba, kik ya juya da ƙarfi nan take. Shasin kuwa fentin hoda ne kamar yadda Malam Mai Walda ya yi hasashe, kuma da na kwance gajeriyar wayar baya na tarar da fenti a ƙarƙashin zoben. An yi mini waldar noti biyu, na sa saƙaƙƙiyar waya zuwa inji, na auna yadda Malamin Lantarki ya koya mini, na samu volt 0.5 ta shasi kaɗai. Da na bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, na ga mafi yawansa yana ɓacewa ne a inda sashen da ke ɗauke da batir ya haɗu da babban shasi da noti huɗu, daidai abin da Malama ta ji tsoro. Na ƙara doguwar waya mai 25 zuwa notin kik, adadin ya sauko 0.2, na bar duka ukun. Saura tambaya ɗaya: ina so in sa makunnin yanke batir gaba ɗaya, a wane ɓangare ya dace?

Malamin Lantarki:
Idan don ajiye mota ne kawai, kowane ɓangare zai yi, amma tunda yanzu waya biyu ke fita daga negetif, dole dukkansu su kasance a bayan makunnin, in ba haka ba bai yanke komai ba. A tsarinka fozitif ya fi sauƙi, kusa da batir iya yadda za ka iya, tare da babban fis da zai jure wutar kik, domin wayar nan mai mita uku tana kwance ne kusa da ƙarfen da yanzu ya zama cikakken negetif, kuma duk inda ta ratsa ƙarfe sai an sa mata zoben roba. Kada kuma ka yanke makunnin inji na aiki. Altaneta zai ci gaba da ciyar da injin, kuma rabuwarsa da batir kwatsam tana haifar da tsallen volt da ke iya ƙona kwamfuta. Idan kana son makunnin da zai kashe inji ma, ka nemi irin na motocin tsere mai ƙarin ƙafafu, wanda ke yanke wutar koyil ɗin da ke ba fulogi wuta ya kuma zubar da rarar wutar altaneta a lokaci guda. Bayan ka sa shi, ka maimaita awon nan a ɓangaren fozitif, daga dalmar batir zuwa notin wutar kik, domin makunnin da fis ɗin sun ƙara maka mahaɗa huɗu a hanya.